Bekin Soda Ga Ɗan Boksin: Aunawa, Lokacin Sha, Da Wanda Bai Kamata Ya Taɓa Ta Ba

Bekin soda, wato farin garin sodiyam bikabonet da ake sawa a kek, ba ta ƙara wa naushi nauyi, ba ta kuma koya wa kowa kaucewa. Aikinta guda ne: ta jinkirta lokacin da kafaɗa za ta ɗauki zafi, hannu ya fara sauka daga haɓa, ƙafa ta ƙi bin umarni. Duk wanda ya taɓa kaiwa tsakiyar turmi na uku da abokin karawa mai matsa lamba ya san wannan lokacin. Ni koci ne a Kaduna, kuma mafi yawan yaran da ke hannuna ba su shiga damben kuɗi ba tukuna, turmi uku na minti uku-uku suke yi, da hutun minti ɗaya a tsakani. Tun da maganar sodar nan ta fara yawo a wayoyinsu nake shan tambaya, shi ya sa na ga gara in shimfiɗa yadda nake bi da ita, dalla-dalla.

Idan ka saki ruwan naushi na daƙiƙa talatin ko arba'in ba ƙaƙƙautawa, iskar da kake shaƙa ba ta wadatar da tsoka. Sai ta koma ƙona sukari ta hanyar gaggawa, wannan hanyar kuwa tana tara asid a cikinta. Ma'aunin tsami da ake kira pH yana kusan 7.4 a jini, tsokar da ke hutawa kuma tana kusan 7.0, amma in wuya ta yi wuya takan gangaro wajen 6.5. Jini yana da nasa bikabonet ɗin da Allah ya halicce shi da shi, kusan milimol 24 a kowace lita, shi ke tare asid ɗin da ya fito daga tsoka. Wanda ya sha soda daidai awo yakan ƙara 5 ko 6 a kan wannan adadin. Sodar ba ta shiga cikin tsokar, a jini take zama, amma saboda jinin ya ƙara ƙarfin karɓa, asid ɗin yakan fi saurin ficewa. Kusan aikin da kanwa ke yi ne a miyar yakuwa: a jefa 'yar kaɗan, tsami ya kwanta.

Ba jita-jitar gidan motsa jiki ba ce. A 2010 wasu masana biyu, Siegler da Hirscher, na Jami'ar Hull a Ingila, sun haɗa 'yan boksin goma suka yi damben gwaji sau biyu, turmi huɗu na minti uku-uku. Sau ɗaya an ba su soda giram 0.3 a kowane kilo na nauyin jiki, sau ɗaya an ba su abin bogi. Ranar soda naushin da ya sauka inda ake so ya fi yawa. A 2019 Gough da abokan aikinsa sun gwada ƙwararrun 'yan damben kuɗi bakwai: aka gajiyar da su, aka ba su soda a lokacin hutu, aka sake sa su aiki, suka fi daɗewa kafin su sare. Kwamitin Olamfik na Duniya, a matsayar da masanansa suka fitar a 2018, ya sa ta cikin 'yan tsirarun abubuwan ƙara ƙwazon 'yan wasa da ke da hujja mai ƙarfi, tare da kafeyin da kiriyatin da naitiret da beta-alanin. Ƙungiyar ISSN ta masana abincin 'yan wasa ta fitar da tata matsayar a 2021, ta ce amfanin ya fi fitowa a aiki mai tsanani na tsakanin daƙiƙa 30 zuwa minti 12, ta kuma ambaci boksin da judo da kokawa da sunansu. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ba ta haramta ta ba. A sukuwar dawaki ne ake hukunta wanda ya ɗura wa doki.

Sai dai a san girman ribar. Ƙarin da ake samu bai cika wuce kashi biyu cikin ɗari ba, kuma wani sashe nasa yarda ce kawai da mutum ya yi cewa ya sha abin da zai taimake shi. Yaron da bai yi gudun asuba ba, kashi biyu ba za su cece shi ba. Wanda kuwa ya gama shirinsa, ya haɗu da tsaransa, alƙalai suka raba turmi biyun farko, a nan ne naushi huɗu ko biyar masu tsabta a minti na ƙarshe ke juya hukunci.

Wanda bai kamata ya fara ba

Kusan kashi 27 cikin ɗari na nauyin bekin soda sodiyam ne. Mai kilo 70 da ya sha giram 21 ya haɗiye sodiyam kusan giram 5.7 a zama ɗaya, daidai da abin da ke cikin gishirin miya giram 14 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya tsaya ƙasa da giram 2 na sodiyam a yini guda. Kusan na kwana uku ke nan a cikin awa ɗaya. Saboda haka mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, duk su nisance ta. Mai gyambon ciki ko wanda ke kan wani magani na yau da kullum ya fara ganin likita, domin soda tana canza yadda jiki ke tsotsar wasu magunguna da yadda yake fitar da su. Ni kafin in auna wa kowa sai na ga awon jininsa na kwanan nan a takarda. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa ba na ba shi, ko mahaifinsa ne ya roƙa.

Akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau amma ranar ba tasa ba ce: wanda ya matse jikinsa don nauyinsa ya shiga awon ajinsa, ya sha gudu cikin leda, ko ya yi amai ko gudawa. Irin wannan ruwa da gishirin jikinsa sun riga sun rikice, ƙara masa soda mai yawa na iya saukar da fotashiyam ɗin jininsa, ya jawo ɗaurewar tsoka ko rikicewar bugun zuciya. A bari ya mayar da ruwa, ya ci abinci, fitsarinsa ya yi haske tukuna.

Sayo ta

Je ka kemis ko shagon kayan kek. Ka duba jikin kwalin ka ga an rubuta Sodium Bicarbonate ko Bicarbonate of Soda, a Nijar kuma Bicarbonate de soude, kuma ya zama na ci ne, a rufe daga kamfani. Kada ka karɓi wadda aka ƙulla a leda ba suna. Bekin foda daban ce, an gauraya ta da asid da sitaci, ba za ta yi aikin ba. Mafi haɗari shi ne ka shiga kasuwa ka ce a ba ka soda kawai, domin wadda masu sabulu ke saye da wannan sunan guba ce mai cin nama, in ta bi maƙogwaro sai asibiti, in ma an kai. Kada ka aiki yaro ya sayo maka.

Kanwa ma ban yarda da ita ba, fara ce ko ja ko ungurnu. Gaskiya ne akwai bikabonet a cikinta, amma haɗe yake da sodiyam kabonet mai kaifi da gishiri da ƙasa, kuma kowane dunƙule da nasa haɗin. Abin da ba ka san yawan abin da ke cikinsa ba, ba ka da hanyar auna shi.

Aunawa

Lissafin mai sauƙi ne: nauyinka a kilo sau 0.3. Mai kilo 60 giram 18, mai kilo 70 giram 21, mai kilo 80 giram 24. Amma ba daga nan ake farawa ba. Gwajin farko a yi shi da 0.2, wato giram 12 ga mai kilo 60, giram 14 ga mai kilo 70, giram 16 ga mai kilo 80. Yara da yawa a nan suke tsayawa, kuma 0.2 ɗin ma yana aiki. Haura 0.3 ba ya ƙara wani abin kirki, ciwon ciki kawai yake ƙarawa.

Ka sayi ƙaramin sikelin dijital irin na masu zinare, wanda ke nuna ɗigon giram. Ni takarda nake naɗewa in ɗora a kai, in danna ya koma sifiri, in riƙa zuba garin da bakin wuƙa har lambar ta tsaya, sannan in raba shi kashi uku ko huɗu, kowane kashi a tasa takardar, in rubuta sunan yaron da nauyinsa na safiyar ranar a bayanta. Ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar kusan giram 5, amma cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, kuma hannun mai zumuɗi tozo yake yi wa cokali. Da cokali mutum zai iya shan ninki ɗaya da rabi bai sani ba.

Ciki shi ne fagen daga

A nan yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Soda tana isa ciki ta tarar da asid ɗin narkar da abinci, sai su haɗu su saki iskar kabon. Daga nan gyatsa, kumburi, tashin zuciya, murɗawa, wani lokaci amai. Wadda ta wuce hanji da yawa a lokaci guda kuma takan jawo ruwa, sai gudawa. A wata gasa na ga wani yaro na wata ƙungiya da abokinsa ya kaɗa masa cokali huɗu a gorar ruwa ya shanye a tsaye, saura minti arba'in a kira sunansa. An riga an naɗe masa hannu an sa masa safa, yana tsaye yana matse ƙafafu, gumi na keto masa tun bai jefa naushi ko ɗaya ba, yana cewa, "Koci, don Allah a kwance mini." Ya hau dai, amma naushin ciki na farko da ya sauka masa a ƙarƙashin haƙarƙari ya gama zancen. Ɗan tsere zai iya daurewa da kumburin ciki ya kai layi. Mu a sana'armu cikin nan ake nema a daka.

Abubuwa huɗu ke rage wannan, kuma tare nake haɗa su. Na farko nisa: a fara sha saura awa biyu da rabi zuwa uku a hau fage, domin rikicin ciki ya fi tsanani a awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan sha, ana so ya wuce kafin ƙararrawa. Na biyu rarrabawa: kashi uku ko huɗun nan, ɗaya bayan kowane minti 10 zuwa 15, ba a kwankwaɗa gaba ɗaya ba. Na uku ruwa: rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita ga duka awon, a kaɗa kowane kashi ya narke sarai har ba gari a gindin kofi. Na huɗu abinci: a haɗa da ɗan abinci mai sitaci marar maiƙo, kusan giram 1.5 na sitaci a kowane kilo, wanda ga mai kilo 70 ya kama matsakaicin faranti na farar shinkafa da ayaba ɗaya, ko burodi da zuma.

Kula da kalmar matsakaici. Soda a kan cikin da aka cika taf haɗari ne na gaske, likitoci sun rubuta labarin mutanen da cikinsu ya yage saboda iskar ta rasa wurin zuwa. Shi ya sa a watan azumi nake ajiye maganar soda gaba ɗaya. Da rana ba hali, bayan shan ruwa kuma yaro ya ɗura kunu da ƙosai da shinkafa a kan jikin da ya wuni ba ruwa, ba lokacin da ya fi wannan muni.

Ranar sha a bar wake, da ƙosai, da duk wani soye-soye, da yaji mai yawa. Kada kuma a kaɗa ta a zoɓo ko kunun tsamiya ko ruwan lemun tsami ko fura da nono ko lemun kwalba don a ɓoye ɗanɗano. Kumfar da ka gani tana tashi a kofi, sodar ce ke ƙarewa tun ba ta shiga jikinka ba. Ɗanɗanon ba daɗi, gishiri-gishiri ne da santsin sabulu. Ruwa mai sanyi yana rage shi, a bi da lomar burodi.

Wanda ya kasa jure ɗanɗanon zai iya ɗura garin a kafso marar komai, sai dai kafso babba bai cika ɗaukar fiye da giram ɗaya ba, ka ga mai kilo 70 zai haɗiye sama da ashirin. Akwai kafso mai rufin da ba ya narkewa sai ya wuce ciki ya isa hanji, shi ya fi sauƙi ga ciki amma ya fi jinkirin aiki, a ba shi awa uku cur. Kamfanin Maurten na Suwidin ya fito da nasa a 2023, ƙananan ƙwayoyi a cikin wani abu mai kauri, 'yan tsere da 'yan keke na Turai sun rungume shi. Kuɗin shan sau ɗaya zai sayi kwalayen soda na shekara, ban ga dalilin da zai sa yaro mai haɗa kuɗin safa da ƙyar ya bi ta kansa ba.

Gwaji a gida kafin fage

Jikin kowa da lokacinsa. Wani jininsa yakan kai ƙololuwa cikin awa ɗaya, wani sai ya haura biyu. Manyan ƙungiyoyi suna tsaga yatsa su auna jinin kowane ɗan wasa. Mu littafi da biro muke da su, kuma sun isa.

A fara saura mako shida ko fiye a yi gasa, sau ɗaya a mako, ranar aiki mai nauyi. Gwajin da nake yi shi ne turmi uku na minti uku-uku a kan buhu, da hutun minti ɗaya. A kowane minti, daƙiƙa 40 na farko a yi aiki da dabara, 20 na ƙarshe a saki hannu iya ƙarfi. Mutum ɗaya ya tsaya da waya yana ɗaukar bidiyo, daga baya a ƙirga naushin da aka jefa a waɗancan daƙiƙoƙi 20, musamman na turmi na uku. A yi makon farko ba soda don a sami abin kwatance. Mako na biyu 0.2, saura awa biyu da rabi. A rubuta abin da aka ci, da ƙarfe nawa aka fara sha, da halin ciki bayan kowane rabin awa, daga sifiri zuwa goma, da sau nawa aka zaga. In ciki ya karɓa, mako na gaba a gwada 0.3. In bai karɓa ba, a ƙara nisa zuwa awa uku, a ƙara rarrabawa. Sai buhu ya nuna ciki lafiya sannan a kai ta damben gwaji, inda za a taɓa cikin da gaske.

Wanda aka gwada masa sau uku ta hanyoyi daban-daban cikinsa bai daina rikici ba, ko lambobinsa ba su motsa ba, nakan ce masa, "Yarona, wannan ba taka ba ce," mu rufe shafin. Ba kowa take yi wa aiki ba.

Ranar wasa

A ɗauka awo ƙarfe 8 na safe, wasa ƙarfe 4 na yamma. Bayan sikeli a karya, a yi ta kurɓar ruwa. Ƙarfe 1 a ci shinkafar nan. Daga 1:15 zuwa 2 a shanye kason soda ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin 2 da 3 a zauna kusa da banɗaki, a yi sallar azahar, a ɗan taka, a bar gyatsa ta fita. Sai an tabbatar ciki ya kwanta sannan a naɗe hannu, domin wanda aka sa wa safa ba ya iya kwance wando. 3:30 a fara ɗumama jiki. Komai ya zama yadda aka yi a gwaji: abinci iri ɗaya, awo ɗaya, kamfanin soda ɗaya.

Gasanninmu ba su cika farawa a kan lokaci ba, wannan kowa ya sani. In an ja wasa da awa ɗaya kada hankali ya tashi, bikabonet ɗin yakan zauna a sama na 'yan awoyi. Kada a ƙara wani kaso don an ga an makara. Ƙishirwa za ta fi ta kullum, musamman a zafin Maris da Afrilu, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Akwai wata hanyar da ISSN ta ambata, ta shan giram 0.4 zuwa 0.5 a kowane kilo kullum, a rarrabe da abincin safe da rana da dare, na kwana uku zuwa bakwai kafin wasa, don a kauce wa rikicin ciki ranar wasan. Ga mai kilo 70 wannan ya kai giram 35 a yini. Ɗan tsere zai iya, ɗan boksin da sikeli ke jira kuwa gishirin nan zai riƙe masa ruwa ya ɗaga nauyinsa a makon da yake neman ya sauka. Ban taɓa ba wa mai matsin awo ita ba.

'Yan damben gargajiya sukan tambaye ni ko za ta yi musu. A ganina ribarsu ba ta kai tamu ba. Turminsu ya fi yawan kallon-kallo da auna juna, sai a kai hari na 'yan daƙiƙoƙi a rabu, kuma kisa ɗaya ke raba gardama. Asid bai cika taruwa irin na wanda aka tilasta wa minti uku ba tsayawa.

Sikelin gobe

Ɗan damben kuɗi galibi sau ɗaya yake hawa sikeli, ana gobe wasa, saboda haka yana da kusan yini guda na mayar da ruwa, kuma gishirin sodar ma yana taimaka masa ya riƙe abin da ya sha. Shi ya fi kowa cin moriyarta, ga turmi takwas ko goma ko goma sha biyu a gabansa. Yaranmu kuwa a gasar kwanaki duk ranar da za su yi wasa sai sun hau sikeli da safe. Wanda ya sha giram 21 yau da rana ya ci wasansa, gobe da asuba zai iya tarar da jikinsa ya riƙe ruwan da zai fitar da shi daga ajinsa. Don haka a lokacin gwaji nake sa kowa ya auna kansa da safen ranar sha da safen washegari, bayan fitsari, kafin karyawa, a rubuta bambancin. Wanda tazararsa da iyakar ajinsa ta fi wannan bambancin zai iya sha a kowane wasa, amma da 0.2. Wanda yake bakin iyaka kuwa, wasannin farko da ruwa da shinkafa zai yi su, sodar a ajiye masa ita sai wasan ƙarshe, wanda babu sikeli a bayansa.